Abah Ya Ɗaure Hannunsa

Shafi na 14

Masu zagin Bang Ngah a ƙarƙashin shafin da ya wuce, duk na karanta, har da baiwar Allahn da ta ce in turo mata lambarsa ta yi masa wankin babban bargo. Yayana ne fa, ku sassauta masa. Mu koma inda muka tsaya.

Mu uku muka hau tudun da safen nan: Kak Long Rohaya babbarmu tana gaba tana haki, Bang Ngah Zulkefli mai bi mata yana rungume da jakar takardu, ni Suraya auta, wadda kowa ke kira Cu, ina biye. A cikin jakar akwai takardun Datuk Hisyam, mutumin da ke son sare gonar duriyan ɗinmu ta garinmu Balik Pulau ya gina otal mai kallon teku. Sa hannun mahaifinmu kaɗai ya rage.

A rumfar gona muka sami Abah, zaune kan benci yana tsaga duriyan, ƙaton ɗan itacen nan mai ƙaya a jiki, da guntuwar wuƙarsa. Damina ce ta 'ya'yan itace, ragar da aka shimfiɗa tsakanin bishiyoyi don tare masu faɗowa ta yi nauyi, ƙamshi ya cika ko'ina har yana hawa kai. Shekararsa saba'in da takwas, amma ƙayar duriyan ba ta taɓa huda tafinsa ba.

Bai tambaye mu hanya ba. Ya miƙa wa kowa ɓari ɗaya.

Bang Ngah bai karɓa ba. Ya share teburin da hannun rigarsa, ya shimfiɗa takardun, ya ɗora biro a kai. Ya yi bayani mai tsawo, irin na mutanen Kuala Lumpur: Abah ya tsufa, hawan tudu ya fi ƙarfin gwiwarsa, babu wanda zai gaje shi a noman nan, kuma dama irin wannan ba ta dawowa. Kak Long tana gyaɗa kai tana tsotsar yatsa. Ni dai ƙasa nake kallo.

Abah ya saurara har ƙarshe. Ya goge hannunsa a zanen da ya ɗaura.

"Ba zan iya sa hannu ba, Ngah."

Bang Ngah ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce dama ya sani. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ma haka aka yi, lokacin da ya zo har da hawayensa yana roƙon a yanki gefen gonar a sayar ya sayi jirgin ruwan ɗaukar baƙi a tsibirin Langkawi, Abah ya yi masa shiru kwana uku sannan ya ce a'a. Tun daga ranar, in ba da salla ba, Bang Ngah bai ƙara kwana a gidan nan ba.

"Ban ce ba zan sa ba," in ji Abah. "Cewa na yi ba zan iya ba. Gonar ba tawa ba ce."

Kak Long ta tsaya da yatsa a baki.

"Ta wa ce, Abah?"

Ya ɗaga kai yana sauraren wani abu. Sai muka ji tari, da ƙarar sanda a kan tsakuwa, daga 'yar hanyar da ke saukowa ta saman tudu. Hanyar da tun muna yara aka hana mu bi.

Kawu Liew ne.

Ku da kuke tare da ni tun farko kun san shi. Ga sababbin zuwa: Liew Fook Seng maƙwabcinmu ne na sama, kuma tun kafin a haife ni shi da Abah ba sa ga maciji, saboda rigimar iyaka a kan wata tsohuwar bishiya da ke zubar da 'ya'yanta ɓangare biyu. Ko a kasuwa suka haɗu, ɗaya sai ya tsallaka titi. Ban taɓa jin muryarsa a cikin gonarmu ba.

Ga shi yau yana shigowa, ya rame, idanunsa sun yi fari-fari, wata mata mai sari kore tana riƙe da gwiwar hannunsa. A ɗaya hannun nata gwangwanin biskit ne da ya yi tsatsa.

"Darus, har yanzu ba ka gyara matakalar nan ba? So kake in karye?" ya ce, yana kiran Abah da sunansa.

"Da ka karye tun bara da na huta," in ji Abah, ya matsa masa a benci.

Ya zauna. Kusa da Abah. Kafaɗa da kafaɗa.

Na dubi Kak Long, ta dube ni.

Matar ta gabatar da kanta, Puan Vasanthi, lauya ce daga George Town. Ta buɗe gwangwanin ta fito da takardu masu jan hatimi, gefensu ya yi ruwan ƙasa. A hankali ta yi mana bayani, kamar mai koya wa yara karatu. Shekara goma sha tara da suka wuce, shekara ɗaya bayan rasuwar Mak, mahaifiyarmu, Abah ya je ofishinta da ƙafarsa, da lafiyarsa da hankalinsa, ya kafa amana. Ya cire gonar daga sunansa gaba ɗaya, ya damƙa ta a hannun wani ya riƙe mana, mu uku da 'ya'yanmu. Shi ya tsara dokokin, shi ya zaɓi mai riƙo, shi ya faɗi waɗanda za su ci moriya. Sannan ya sa aka rubuta cewa ba a warware ta. Ko shi kansa ba shi da iko.

Ta ce a aikinta ta ga masu kafa amana da yawa, kusan dukansu sukan bar wa kansu wata 'yar ƙofa ta baya, ko da za su canza ra'ayi. Sau uku ta ba Abah shawarar ya bar tasa. Sau uku ya ce a toshe.

"To waye mai riƙon?" Bang Ngah ya tambaya, ko da yake duk mun riga mun gane.

Kawu Liew ya ɗaga sandarsa kaɗan, kamar ɗalibin da aka kira sunansa.

Bang Ngah ya miƙe tsaye. Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce wannan wane irin abu ne, ƙasar kakanninmu a hannun abokin gaba, mutumin da ko salla ba ya yi. Ya ce ina dokar gado, ina malamai.

Abah ya ce ya tambayi malamai kafin ya je wajen lauya. Kyauta ce ya yi da ransa, ya daidaita tsakaninmu, ta kuma fita daga hannunsa tun ranar.

"Shi kuwa Liew, amana na ba shi, ba limanci ba."

Kak Long ta kusa shaƙewa. Ta ce to Abah, duk abokanka na masallaci, duk 'yan uwan Mak, babu ko ɗaya?

"Duk suna sona," in ji Abah. "Matsalar ke nan."

Sai ya fara magana, doguwar da ban taɓa jin ya yi irinta ba. Ya ce kakanmu tudu uku ya mallaka. Ba caca ya yi ba, ba shaye-shaye. 'Ya'yansa kawai yake so. Duk wanda ya zo ya yi kuka, sai ya yanki gefe ya sayar, har tudu uku suka koma ɗaya. Abah ya taso yana cewa shi ba zai yi haka ba. Sai Mak ta rasu, Bang Ngah ya zo yana son buɗe garejin babura, a cikin mako guda Abah ya sayar da gonar shinkafarmu ta ƙasa. Ko tunani bai yi ba. Garejin bai cika shekara ba ya rufe.

"Ranar na gane jinin babana ne a jikina. Idan ɗayanku ya yi kuka, ba ni da a'a. To sai na nemi wanda yake da ita."

Ya ce a lokacin rigimar iyaka, masu awon ƙasa na gwamnati sun zo sun auna, suka ba Liew gaskiya, har da ƙarin taku biyu na ƙasarmu bisa kuskure. Babu wanda ya lura. Liew da kansa ya hau bas ya je ofishinsu ya ce sun yi kuskure, a mayar wa Darus takunsa biyu. Ya dawo, ya wuce Abah a hanya, ko kallonsa bai yi ba.

"Mai gaskiya, kuma ba ya ƙaunata. Ina zan sami kamarsa?"

"Har gobe ba na ƙaunarka," in ji Kawu Liew. "Bishiyar nan tawa ce."

"Ka ji ko."

Babu wanda ya yi dariya. Ina kallon tsohon nan da zanensa da silifas ɗin roba, wanda duk Balik Pulau ke kira mai gona, ashe shekara goma sha tara ko reshe ɗaya ba shi da ikon sayarwa. Puan Vasanthi ta ce abin da ya bar wa kansa a takardar abu biyu ne kacal: ya zauna a gidan har ƙarshen ransa, kuma a bar shi ya yi wa bishiyoyin hidima. Duk abin da gonar ta haifar, ta hannun Kawu Liew yake bi. Karatun 'ya'yanmu, wankin ƙodar da ake yi wa mijin Kak Long, duk abin da muke cewa Abah ya aiko, Abah bai taɓa riƙe shi ba.

Bang Ngah yana tsaye har yanzu. Ya ce to ya ji. Amma da Abah ya so, lokacin maganar jirgin ruwa, ai da ya yi wa mutumin nan magana. Kwana uku yana jira a gidan nan kamar maroƙi.

Kawu Liew ya juya fararen idanunsa wajen da muryar ke fitowa.

"Kai yaro, a kwana ukun nan ina kake zaton ubanka yake zuwa bayan azahar?"

Bai jira amsa ba.

Ya ce ranar farko Abah ya hau wajensa ya roƙe shi a tsaye. Ya ce a'a. Rana ta biyu ya roƙe shi a zaune, ya kawo masa hujjoji har da zanen jirgin. Ya ce a'a. Rana ta uku ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya leƙo ta taga ya ga Darus a durƙushe a tsakar gidansa, gwiwa biyu cikin taɓo, hula a hannu.

"Mutumin da ya yi shekara ashirin bai gaishe ni ba. Yana kuka yana cewa, Liew, ɗana ne, zai tsane ni."

Abah ya sunkuyar da kai yana juya wuƙarsa.

"Saura kaɗan in buɗe ƙofa," in ji Kawu Liew. "Na rantse da kabarin uwata hannuna yana kan sakata. Sai na tuna da wannan."

Ya laluba cikin gwangwanin ya zaro wata 'yar takarda da aka yage daga littafin makaranta, ya miƙa ta sama. Ni ce kusa, na karɓa. Rubutun Abah ne, manyan baƙaƙe masu karkata. Ya ce in karanta kowa ya ji.

Na karanta.

"Liew. Wata rana zan zo maka ina kuka. Zan ce maka na canza ra'ayi, zan rantse, zan iya zaginka. Kada ka saurare ni. Wanda ya rubuta wannan shi ne mai hankalin. Wanda zai zo maka uba ne kawai."

Wani duriyan ya faɗo cikin raga a bayanmu, igiyoyin suka yi ƙara. Babu wanda ya waiwaya.

Kawu Liew ya ce ta taga ya karanta masa ita, da ƙarfi don ruwa ya hana ji. Abah ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi, ya sa hularsa, ya gangara ya je ya ce wa ɗansa a'a, kamar daga bakinsa ta fito.

Bang Ngah ya zauna. Ba a benci ba, a ƙasa, kan ɓawon duriyan ma bai lura ba. Na tuna ranar. Na tuna Abah ya shigo jiƙe sharkaf, wandonsa duk taɓo, ya ce santsi ne ya kwashe shi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba, Abah?"

"Da na faɗa maka, da Liew za ka je ka yi wa kuka. Shi kuma tsoho ne, ƙofarsa ɗaya. Gara ka tsane ni, ni na saba da kai."

Kak Long kuka take sosai, tana share hanci da gefen mayafinta, tana cewa ita dai an mayar da ita sakarya a gidan nan, shekara da shekaru tana tofar da yawu idan ta wuce ƙofar bawan Allahn nan.

"Ina ji ai," in ji Kawu Liew. "Idona ne ya mutu, ba kunnena ba."

Sannan ya juya kan maganar Datuk Hisyam. Ya ce sau huɗu Datuk yana zuwa wajensa, ya san sarai gonar ba a hannun Darus take ba. Tasa gonar ta sama ma ai shi ya saya, shekara biyar ke nan, gidan kaɗai ya rage masa.

Na kasa yin shiru. Na ce Kawu, ka sayar da taka, ka hana tamu?

"Tawa tawa ce, 'yar nan. In na ga dama in ƙona ta. Wannan kuwa ba tawa ba ce."

Ya ce da Datuk ya ga babu hanya ta wajensa, sai ya nemo ɗan da ke fushi da ubansa, ya cika masa jaka da takarda, ya turo shi ya sa tsoho kuka, ko wannan karon ƙofar za ta buɗe. Na ga jijiyar wuyan Bang Ngah ta tashi.

Na ɗauka an gama. Ashe ba a fara ba.

Puan Vasanthi ta gyara zama ta ce ba don wannan aka kira ta ba. Kawu Liew ya gaji, idonsa ya tafi, ƙarshen wata 'yarsa za ta zo ta tafi da shi Ipoh. Yau zai sauke amanar. Kuma tun ranar da aka kafa ta, Abah ya rubuta sunan wanda zai gaje shi, aka rufe a ambulan, ko ita ba ta san ko waye ba.

Kafin ta buɗe, ta karanta mana sharuɗɗa biyu da Abah ya gindaya. Na farko, mai riƙo yana da ikon sayar da gonar, in har ya tabbata a ransa hakan ne alheri ga sauran. Ikon nan yana hannun Kawu Liew duk shekarun nan. Na biyu, wanda ya riƙe ba ya ci. In ɗayanmu ne, rabonsa ya wuce kan 'ya'yansa, shi ko ɓari ɗaya ba nasa ba ne sai an ba shi.

Kak Long ta ce ita dai a rufa mata asiri, kada a ce ita ce. Ni ma addu'ar da nake yi ke nan a zuci.

Puan Vasanthi ta yage bakin ambulan. Ta duba. Ta sake dubawa, ta ɗago ta kalli Abah ta saman tabaranta.

"Zulkefli bin Darus."

Bang Ngah ya ɗago kamar an mare shi.

Ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon kwanan watan da ke ƙasa. Da ya yi magana, da kyar muka ji.

"Abah, wannan ai makon da garejina ya rufe ne."

"Ranar Alhamis ɗinsa."

"Makon da na cinye maka gonar shinkafa. Ka rubuta sunana?"

Abah ya ajiye wuƙar. Ya ce Long tausayinta irin nasa ne, Cu kuma ko mai tallan kifi ba ta iya ce wa a'a. Ya ce ranar da masu sayen gonar shinkafa suka kawo motocin yashi suka fara cike ta, ya hango Bang Ngah tsaye a bakin titi tun safe har rana ta take, bai motsa ba, bai san ana kallonsa ba.

"A cikinku kai kaɗai ka san ɗacin ganin an binne ƙasa saboda kai. Ga taurin kai kamar na wannan tsohon. Shekara goma sha ɗaya kana fushi da ni ba ka sauko ba. Na ce madalla, na zaɓa daidai."

"In na karɓa na sayar fa?"

"Ka sayar ke nan. Ba ni da baki. Na daɗe ba ni da shi."

Ya faɗe ta ne kamar mai faɗin farashin kifi, ya ɗauki wani duriyan yana neman gaɓarsa da babban yatsa. Ban taɓa jin tsoron mahaifina da girmansa a lokaci guda kamar ranar ba. Mutum ya zauna shekara goma sha tara da suka wuce, ya auna kansa, ya auna maƙiyinsa, ya auna 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa wuyan gonar ga wanda ya hau tudu da niyyar yanka ta.

Puan Vasanthi ta tura takardar karɓar amana gaban Bang Ngah, kusa da ta Datuk. Ta ce ba dole ba ne yau, yana iya tafiya ya yi shawara.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya tashi daga ƙasa, ya karkaɗe wandonsa, ya ɗauki biron nan da ya kawo wa Abah. Ya sa hannu a wuri uku da ta nuna masa. Kawu Liew ya sa nasa, ita tana riƙe masa yatsa a kan layi. Ta buga hatimi.

Kawu Liew ya sauke wata irin ajiyar zuciya, ya jingina da ginshiƙin rumfa ya rufe ido.

Ni har na fara murmushi.

Sai Bang Ngah ya zaro wayarsa daga aljihu. Ya danna, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji, ya ajiye ta a tsakiyar teburin. Ƙara biyu aka ɗauka.

"Zul, yaya? Tsohon ya sa hannu?"

Bang Ngah bai kalli kowa a cikinmu ba.

"Ba a bukatar hannunsa, Datuk. Gonar a hannuna take yanzu. Hawo tudun, ina jiranka."